Haƙarƙari Bakwai

Da tsinken kitso Shatu ta gano abin.

Ta fito ne da hantsi, tulu wofi a kanta, ta biyo ta bakin tsohuwar rijiya inda kamiyo, babbar motar kaya, ta sauke zobban siminti jiya da la'asar. Guda shida ne, kowanne, yaro zai iya miƙewa a cikinsa, an jera su a rana kamar bakunan manyan randuna. Ta waiga gabas, ta waiga yamma. Ba kowa, sai wata akuya da ta rakuɓe a 'yar inuwar allon aikin tana haki. Sai ta sauke tulun, ta zare tsinken daga gashinta, ta karci jikin zoben farko.

Simintin ya zubo mata a tafin hannu kamar garin gero. Ta ƙara dannawa, tsinken ya nutse har rabinsa, ya taɓo wata siririyar waya irin wadda ake ɗaure shinge da ita. Ta bi sauran biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Duk haka suke.

Ranar Alhamis babanta, Gajere mai haƙar rijiya, zai sauka ƙarƙashin ƙasa gaba talatin, kuma waɗannan zobban ne za su tsaya tsakaninsa da yashi.

Damina biyu ke nan sama ta hana. Rijiyar da aka gina tun zamanin kakanta ta daina ba da komai sai taɓo, mata suna sammako su tafi Gangara a ƙafa, ba su dawowa sai azahar. Rabin gidajen ƙauyen an toshe ƙofarsu da ƙaya. Ita kanta Shatu yunwar ce ta koro ta daga lakol, makarantar boko, a Agye, don gidan da take zaune sun ce ba za su iya da ƙarin baki ba. Ta dawo da littattafai uku a ƙunshe cikin zane, da wata kunya da ba ta san ta mece ce ba.

Ita kaɗai ke karanta Faransanci a garin. Shi ya sa lokacin da injiniya ya zo ya auna rijiyar ya bar takarda, mai gari ya aika aka kira ta. A tsugune ta karanta, kuma ko layi ɗaya ba ta manta ba: kaurin kowane zobe santimita goma, da sandunan ƙarfe masu kaurin ƙaramin yatsa a cikinsa. Yanzu ta ɗora yatsunta a bakin zoben. Uku suka rufe shi. Shida ya kamata.

Ta ɗaga kai ta dubi allon. Shi kam ba a yi masa ƙwauro ba. Ƙafafunsa biyu na baƙin ƙarfe ne masu kaurin hannun yaro, dogaye har sai mutum ya ɗaga kai, an shafe fuskarsa da farin fenti an rubuta: Aikin zurfafa rijiya, taimakon gaggawa, 1984.

* * *

"Baba, zobban can ba su da kyau."

Gajere bai ɗago ba. Yana zaune a zaure yana tufkar igiya, bakinta a ɗaure a babban yatsan ƙafarsa.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun jiya na ƙwanƙwasa su. Mai kyau, in ka buga shi, amsa maka yake kamar sabuwar ƙwarya. Waɗanga shiru suka yi mani."

"To mi zai sa ka shiga?"

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ci gaba da murzawa. Sai can ya ce, "Zauna, ɗiyata. Ƙasan rijiyar ga akwai yashi mai gudu, ya kai mita uku na takardarku. Ƙarƙashin shi ruwa yake, ina jin sanyin shi a tafin ƙafata. Alhaji Tanimu mai kwangilar ya ce kamiyo ba ta zuwa sau biyu. In na ce ban shiga, Jaye ya rantse shi zai shiga, mutumin da ko ramin kaza bai taɓa haƙawa ba. Ka so in zauna nan in ji ana zura shi?"

Jaye makiyayi ne, ya yi zango a bayan gari da sauran shanunsa. Tun Shatu na ƙarama yake kawo musu nono, Kawu take ce masa.

"A Gidan Sori," Gajere ya ci gaba, "na ga wasu sun fasa gindin tano, gangar ƙarfe ta kananzir, sun zura, wani Hamidu ya shiga ciki yana haƙa, wai ya kare shi. Da yashin ya taso, naɗe tanon ya yi kamar gwangwanin kifi. Allah dai ya jiƙan Hamidu."

Shatu ta tashi. Ta shiga ɗaki ta kwance ƙunshin littattafanta, ta fito da na lissafi, ta zauna a gindin bango inda inuwa ta rage. Ta tuna ranar da malaminsu ya huda gwangwani wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya cika shi da ruwa, ruwan hudar ƙasa ya fi kowanne tsartuwa nesa. Iya zurfi, iya nauyin da ke tura bango. Jiƙaƙƙen yashi kuwa ya ninka ruwa nauyi. Ta auna da tunani faɗin wurin da mutum zai tsaya ya yi haƙa, ta ninka da tsawo, ta ninka da zurfi. Amsar ta ba ta tsoro, ta goge ta sake. Sau huɗu tana sakewa, sau huɗu amsar na dawowa inda take.

Da la'asar shanun Jaye suka bi ta ƙofar gida, a hankali, kamar masu makoki. Fatarsu ta manne, ta loɓa tsakanin ƙashi da ƙashi, amma ƙirjin bai rufta ba. Shatu ta bi su da ido, tana ƙirga haƙarƙarin wata farar saniya, har suka sha kwana.

* * *

Washegari Alhaji Tanimu ɗan kwangila ya zo da farar motarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin gawo. Mazan da suka rage a garin duk suka hallara. Yana cikin bayanin yadda ya sha wahala kafin a sa sunan ƙauyen a cikin aikin, sai aka ga Shatu ta tsugunna a bakin taron, littafi a ƙirji.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai gari. Ta yi gyaran murya ta sake. "Ranka ya daɗe, takardar da na karanta maka ta ce kauri goma. Waɗancan biyar ne. Kuma ba ƙarfe a ciki, waya ce."

Mai gari ya dubi tafin hannunsa.

Alhaji Tanimu ya yi murmushi, ya gyara hula. "Ɗiyar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Alhaji," in ji Gajere.

"Ma sha Allah. Gajere, ashe injiniya gare ka a gida kake wahalar da mu? Yarinya, siminti na zamani ne, ba ya son kauri. Je ki taya innarki aiki."

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don mai mota ya ji daɗi. Kunnuwan Shatu suka yi zafi. Ƙafafunta suna cewa ta tashi ta gudu, amma ta juya wajen Jaye, wanda ke tsaye a baya ya gicciya sanda a kafaɗa.

"Kawu, na yi lissafi. In yashin can ya taso, daidai yake da a ce bajimai tamanin sun jingina da bango guda, lokaci guda. Ka taɓa ganin bangon da zai ɗauki haka?"



"Tamanin," Jaye ya ce a hankali. "Tamanin nake da su shekara biyu baya. Yanzu sha ɗaya." Ya sauke sandar. "Yarinya, na ji maganarka. Amma sha ɗayan nan ba su kai kwana goma. Ka ba ni ruwa, ko ka ba ni wata dabara."

"Shatu, tashi ki tafi gida," in ji Gajere, ba tare da ya dube ta ba.

Ta tashi. Amma ba gida ta nufa ba.

* * *

Maƙerar Chindo tana ƙarshen gari. Mata ba su shiga, don haka a bakin ƙofa ta tsaya, ta yi sallama har sau uku kafin ƙarar guduma ta lafa.

"Wa nake ji kamar ɗiyar Buzu?" Chindo ya leƙo, ƙato, gumi na bin gemunsa. Tsakanin maƙera da dangin su Gajere akwai wasa tun kaka da kakanni. "Ubanki ya aiko a gyara mashi tsoro ne? Ban da ƙarfen wannan."

"Baba Chindo, tano nawa gare ka?"

Ta yi masa bayani, idonta a ƙasa, tana zane da yatsan ƙafa. A fasa tsofaffin tano na kananzir, a buɗe su, a haɗa su da ƙusa su zama rami guda na ƙarfe, mai faɗin da mutum zai juya a ciki, mai tsawon tano uku, wanda zai shige cikin zobban. In siminti ya fashe, ƙarfe ya tare.

"Irin na Gidan Sori? Wanda ya naɗe Hamidu?"

"Wancan fata ce kawai, ba ƙashi. Wannan za a yi mashi haƙarƙari daga ciki. A lanƙwasa ƙarfe mai kauri ya zama ƙawanya, a kafa, a sake kafa wata, tun daga ƙasa har sama. Kamar na saniya."

Chindo ya daina murmushi. Ya goge hannu a warkinsa, ya tsugunna yana kallon zanen da ta yi a ƙasa.

"Tazara nawa tsakani?"

A littafinta santimita arba'in da takwas ta rubuta. Amma ta san Chindo bai san santimita ba, kuma a garin ba wanda ke da abin awo. Tun a gida ta buɗe hannunta a kan rular lakol, daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya, ta ga sau uku ne cif.

"Taƙi uku," ta ce. "Kada ya wuce."

"Taƙi uku. To. Gobe kasuwar Cadawa, akwai wani mai matacciyar kamiyo, in je in gani." Ya miƙe yana girgiza kai. "Duniya ta ƙare. Ɗiyar Buzu ke koya wa maƙeri ƙira."

Kwana uku ana jin gudumarsa tun daga sallar asuba. Gajere ya je ya gani, ya dawo, da aka kawo tuwon jar dawar taimako, ya gutsuri nasa ya ajiye a kwanonta.

* * *

Ranar Alhamis da sassafe maza takwas suka gangaro da abin zuwa bakin rijiya. Baƙi ne, duk tabon wuta da kan ƙusa, yana ƙara kamar ganga in ya bugi dutse. An riga an zura zobban siminti biyu tun jiya. Gajere ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Shatu ta durƙusa ta leƙa cikin ƙarfen. Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa, tana taɓa kowanne da ido.

"Biyar ne."

Ba wanda ya ji. Ta miƙe.

"Baba Chindo, biyar ne! Bakwai ya kamata!"

Liman ya sauke hannu. Chindo ya matso, fuska a ɗaure. "Taƙi uku kika ce, taƙi uku na yi. Zo ki gani." Ya zura hannu ciki, ya buɗe shi a kan ƙarfen, ɗaya, biyu, uku, ya sauka daidai kan haƙarƙari na gaba.

Shatu ta dubi hannun nan da ya shekara arba'in yana riƙon guduma. A hankali ta buɗe nata ta ɗora kusa da shi. Yatsanta na tsakiya ko gaɓar farko ta nasa bai kai ba. Taƙinsa biyu, nata uku ne.

Kuskuren nata ne. Kunya ta hana ta shiga maƙera, kunya ta hana ta miƙa hannu ta ce, da wannan za ka auna.

"To a ƙara biyu mana," in ji wani.

"Da mi?" Chindo ya ce. "Biyar na auna, biyar na ɗauko. Kasuwar Cadawa sai wani mako."

"Saniyata biyu ta kwanta tun jiya," in ji Jaye. Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo.

"Biyar ma ai ya fi babu," mai gari ya ce. "Gajere, bismilla."

Gajere ya taka zuwa bakin rijiyar. Shatu ba ta san lokacin da ta riga shi ba. Ta zauna daɓas a kan naɗin igiyar, ta rungume shi da hannu biyu.

"Ba ya shiga."

"Ke! Ba ki da kunya? Gaban iyayenki?" in ji mai gari.

"Ina da ita, ranka ya daɗe. Ita ta jawo wannan." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari nan ne yake naɗewa. Da biyar ba ya ɗauka, na lissafa. Ku yanka ni a nan in kun so, amma ba ya shiga da biyar."

"To ina za mu samo ƙarfe? Mu haƙo shi?"

Ta ɗaga ido don ta amsa, sai rana ta haske ta daga jikin farin fenti. Ta ƙura wa allon ido. Dogayen ƙafafu biyu, baƙin ƙarfe, kaurin hannun yaro.

Chindo ya bi inda take kallo. Ya yi wani irin tari.

"A'a," in ji mai gari, ya miƙe tsaye. "A'a! Wannan na hukuma ne. Kowa ya taɓa shi, jandarma zai kwana garin nan."

Shatu ta saki igiyar. Ta ɗauki dagin babanta, mai nauyin da sai da ta yi tangaɗi, ta je gindin allon ta kafta. Ƙasar ta bushe kamar dutse, dagin ya yi tsalle ya kusa faɗo mata a ƙafa. Ta sake kaftawa. Ba wanda ya motsa. A bugu na biyar fatar tafinta ta saluɓe, a na bakwai ta ji an riƙe dagin daga sama.

Babanta ne. Ya dube ta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Ba haka ake riƙo ba," ya ce. "Kawo."

Jaye ya jingine sandarsa, ya zo ya kama ƙafa ɗaya yana girgizawa. Chindo ya tafi hura wuta yana cewa, "Ni dai ban ga komai ba, ƙarfe na gani a ƙasa." Kafin azahar allon yana kwance rub da ciki a cikin turɓaya, akuya na shinshinar fentin. Kafin la'asar ƙafafunsa sun zama ƙawanya biyu. Wannan karon Shatu ta shiga maƙerar har gaban wuta, aka cire na da, aka sake jera su, ita ke ɗora hannu tana nuna wurin kowanne. Bakwai.

* * *

Kwana huɗu Gajere yana ƙasa. Yana tsaye cikin ƙarfen, ƙarfen yana cikin zobban, yana kwashe yashi daga ƙarƙashinsu suna nutsewa kaɗan kaɗan, ana ƙara wani zoben daga sama. Guga na fitowa da yashi, da fari busasshe, sannan mai danshi, sannan wanda ke ɗiga. Shatu ba ta bar bakin rijiyar ba. Ta kwanta rub da ciki tana leƙe, ba ta ganin komai sai ɗan haske can ƙasa kamar ƙwayar ido.

A rana ta biyar, wajen hantsi, murya ta taso daga ciki, siririya saboda nisa.

"Ruwa! Ku ja!"

Gugan ya fito yana zuba. Ruwa ne, garai-garai, mai sanyin da ya sa tsofaffi kuka. Mata suka rangaɗa guɗa. Jaye ya karɓi gugan da hannu biyu, ya ruga wajen farar saniyarsa da ke kwance.

Guɗar ba ta sauka ba Shatu ta ji ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce. Kamar an taka busasshiyar ƙwarya a cikin ɗaki. Sai ta biyu. Sannan wani gurnani mai nauyi ya biyo baya, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin cikinta, iska mai wari ta bugo fuskarta daga ramin.

"Baba!"

Shiru.

"Baba! Baba!"

Ƙarfe ya yi kuka can ƙasa, doguwar ƙara kamar ta ƙofar da ta yi tsatsa. Shatu ta rufe ido. Ba addu'a ce ta zo bakinta ba, ƙirga ce. Ɗaya. Biyu. Uku. Tana ganin su a cikin duhun idonta, tana ɗora hannunta tsakanin kowanne, shanu tamanin na turawa. Huɗu. Biyar. Shida.

Igiyar ta motsa. Sau biyu, alamar a ja.

Duk wanda ke wurin ya kama, har liman, har mai gari. Da farko ta ƙi, kamar an ɗaure ta da dutse, sannan ta saki. Da kan Gajere ya bayyana a bakin rijiyar ba a gane shi ba, yashi ya rufe shi har gira. Ƙafarsa ta hagu tana lilo ta inda bai kamata ba. Aka kwantar da shi, ya yi ta tari, ya yi ta tari, sannan ya buɗe ido yana neman wani.

"Chindo," ya ce da ƙyar. "Kai maƙerin banza. Ƙarfenka ya cije mani ƙafa."

Chindo ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da warki, kafaɗunsa na girgiza.

Gajere ya juyo wajen Shatu. "Zobban duk sun tafi, kamar an murje ƙuli. Ƙarfen ya loɓa ta ko'ina, ya matse ni, yashi ya taso ta ƙasa har ƙugu. Amma bai naɗe ba." Ya nemi hannunta, wanda ya saluɓe, ya riƙe. "Na ƙirga su da bayana. Bakwai."

Kafin yamma sauran yashin ya gangaro ya binne ƙarfen da ruwan gaba ɗaya. Guga guda ɗin nan shi ne iyakar abin da rijiyar ta bayar.

* * *

Bayan kwana shida jandarma biyu suka zo, Alhaji Tanimu na biye da su a farar motarsa. Ba su leƙa rijiyar ba. Wajen ramuka biyu da ƙafafun allon suka bari suka nufa, babban ya fito da takarda.

"Wa ya tumɓuke kayan hukuma?"

Mai gari ya fara kame-kame. Shatu ta fito daga bayan mata.

"Ni ce."

"Ke? Ina ƙafafun?"

"Suna ƙasa, gaba talatin. Ga igiya can, in za ku sauka."

Ƙaramin jandarman ya kau da kai yana danne dariya. Shatu ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani guntun zobe da ya fito cikin guga tun rana ta biyu, wayar na leƙowa daga jikinsa. Ta murza gefensa da yatsu biyu a gaban babban, garin ya zuba a kan takalminsa.

"Wannan fa? Takarda ta ce goma."

Ya dubi takalmin, ya dubi Alhaji Tanimu, wanda ke gyara mazaunin agogonsa. Sannan ya buga ƙafa ya kakkaɓe.

"Ba wannan aka aiko mu ba."

Da yake ba su ga yadda za su tafi da yarinya ba, Chindo suka sa a mota. Ya kwana biyu a Agye, ya dawo a ƙafa, leɓe a kumbure, yana cewa abincinsu ma ya fi na gida.

Jaye ya kaɗa shanu bakwai ya yi kudu, farar saniyar na cikinsu. Gidaje suka ci gaba da rufewa. Ranar da su Shatu suka ɗaure kaya za su Maradi, an ɗora Gajere a kan jaki, ƙafar a ɗaure da karare, sai suka tarar kamiyo ta sake zuwa. Ashe tana zuwa sau biyu. Magina uku ne suka zo tun shekaranjiya, sun gama aikinsu sun tafi.

Sabon allo ne, ya fi na da tsawo. An rubuta: An kammala aikin zurfafa rijiya, 1984. Don kada a sake tumɓuke shi, an zuba wa gindinsa siminti, dakali guda, mai sulɓi, mai launin toka.

"Mi ya ce?" Gajere ya tambaya daga kan jakin.

"Ya ce akwai ruwa."

Ta sauke ƙunshin da ke kanta, littattafai uku da guntun zoben da kullum yake raguwa a cikin zane. Ta tsugunna a gindin allon, ta zare tsinken daga gashinta, ta karci dakalin. Ta ƙara dannawa, da hannu biyu, da iyakar ƙarfinta.

Tsinken ya karye. Ko ƙwayar gari ɗaya ba ta faɗo ba.